'Yar wutar da ke mutuwa da ka saki makunni

Masu cewa data ba ta isarsu su saurari murya, ga shirin wannan makon an buga maku shi a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau ba siyasa za mu yi ba. Na san wani zai ce, kai da ka saba damunmu da maganar katin zaɓe da kuɗin makaranta, mi ya haɗa ka da kaskon suya? Ku yi haƙuri ku bi ni a hankali. Akwai wani yaro ɗan shekara 16 da yanzu haka hannunshi na dama ke naɗe da bandeji, kuma in za a faɗi gaskiya ina da hannu a cikin abin da ya same shi. Shi ya sa na ga gara in zo nan in faɗa da bakina.

Duk wanda ya san Dutsin-Ma kafin 2011, ya san yadda garin ya canza tun da aka kafa jami'ar tarayya. Da can ɗaliban Isa Kaita ne kasuwar masu abinci. Yanzu ku duba shagunan cips da kaza da indomi da suka cika bakin titi. Kusan dukkansu matasa ne ke riƙe da su, wasu ma da digirinsu a aljihu. To da mi za su yi suya? Itacen da ake shigowa da shi daga yamma, wajen Safana da dajin Rugu, kowa ya san dalilin da ya sa shiga daji ya zama kasada. Kananzir ya fi ƙarfin talaka tuntuni. Injin suya mai lantarki kuwa sai da janareta, kuma tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin fetur, wanda ya kunna janareta don ya soya dankali to ribarshi ya soya. Abin da ya rage shi ne gas.

Ɗan goggona, ƙanena ne, yana cikin waɗannan matasan. Da kuɗin adashin da muke yi a ƙungiyarmu ya tafi Kano ya sawo injin suya na hannu, mai kwando biyu, ƙirar Chaina, irin wanda masu sana'ar ke ce ma firaya. Duk damina injin nan bai ba shi matsala ba. Hunturu na shigowa sai ya fara wani hali. Akwai wata 'yar ƙaramar wuta a ƙarƙashin tukunyar man, wadda ake fara kunnawa, ita ce ke kunna babbar wutar. Masu gyara failot suke ce mata, ni 'yar wuta zan riƙa cewa. Yadda ake yi, ka danna makunni ka riƙe, ka ƙyasta, ta kama, ka ɗan jira, ka saki. To shi da ya saki sai ta mutu. Ya sake, ta mutu. Wata rana sai ya yi sau goma kafin ta zauna, ga masu saye sun yi layi, ga ɗalibai ba su da haƙuri.

Ya kira ni, ya ce, "Yaya, injin nan zai kashe mani kasuwa." Ni kuma da ƙarfin hali irin namu na masu son a ce mun san mutane, na ce kwantar da hankalinka, na san wani mai gyaran risho da murhun gas. Na ɗauko shi a kan mashin ɗina da kaina. Mutumin ya duƙa, ya kwance wani noti a bayan bawul, ya zaro wani ɗan abu kamar harsashi mai sifirin a baki, ya nuna mana. Ya ce, "Wannan ne ke wahalar da ku. Tsoron Turawa ne kawai, ba ya da wani amfani." Ya toshe wurin, ya ɗaure, ya ƙyasta. Wuta ta kama nan take, ko riƙe makunni ba a yi ba. Muka ba shi naira 3,000, muka yi ta godiya. Wallahi har cewa na yi, ka ga irin basirar da ke ƙasar nan, gwamnati ce kawai ba ta tallafawa.

Kwana goma sha biyu aka yi. Ranar Laraba ce, ranar kasuwa, da yamma ana tsakiyar ciniki gas ya ƙare, wuta ta mutu. Yaron shagon ya ruga ya ɗauko ɗaya tukunyar, ya ɗaura regileta, ya buɗe. Makunnin injin yana nan a buɗe yadda yake tun kafin gas ya ƙare, bai tuna ya mayar ba. Wani ya kira shi a ba shi canji, ya tsaya suka ɗan yi gardama a kan naira ɗari biyu. Minti nawa aka yi, shi ma bai sani ba. Ya dawo, ya duƙa, ya ƙyasta ashana.

Allah Ya taƙaita, ƙofar shagon a buɗe take, kuma tiyo bai kama ba, mai maƙwabtaka ya yi ta maza ya rufe tukunyar. Amma yaron ya ƙone tun daga yatsu har gwiwar hannu, gira da gashin ido duk sun tafi. Da na je dubiya asibiti mahaifiyarshi ta riƙa yi mani godiya wai na zo. Ban iya haɗa ido da ita ba.

Bayan kwana uku wani abokina ya haɗa ni da wani dattijo a Katsina, wanda ya yi shekaru yana gyaran kayan kicin a manyan otal-otal a Kaduna kafin ya dawo gida. Na je na ɗauko shi, muka biyo ta Kurfi muka iso. Duk abin da zan faɗa maku daga nan, daga bakinshi na ji, sai wanda na je na ƙara karantawa daga baya don in tabbatar.

Da ya leƙa bayan bawul ɗin ya ga abin da aka yi, sai ya yi shiru. Can ya ce, "Wa ya yi wannan?" Na ce, "Baba, ni na kawo shi." Ya ce, "Ɗana, mai gadi kuka kora don yana tashinku daga barci."

Ga yadda abin yake aiki. Kusa da 'yar wutar akwai wata 'yar sanda ta ƙarfe, ba ta kai kaurin fensir ba, wadda wutar ke lasar bakinta. Sunanta tamokoful, ni zan ce mata sandar jin zafi. A cikinta ƙarfe iri biyu ne aka haɗa bakinsu. In zafi ya taɓa mahaɗar, sai ta haifar da lantarki, ba batir, ba NEPA. Wani Bajamushe, Thomas Seebeck, ya gano wannan tun 1821. Lantarkin kaɗan ne ƙwarai, milibolt 25 zuwa 30. Batirin tocila guda ɗaya milibolt 1,500 ne, kun ga ke nan kamar kashi ɗaya cikin hamsin. Amma wannan ɗan lantarkin ya isa ya riƙe wani ɗan maganaɗisu a cikin bawul, wato abin nan mai kama da harsashi. Lokacin da kake danna makunni, da ƙarfin hannunka kake buɗe hanyar gas. In sanda ta yi zafi, maganaɗisu ya karɓe ka, sai ka saki. In wuta ta mutu, ko iska ce ta hure ta ko gas ne ya ƙare, sanda ta huce, lantarki ya ɗauke, sifirin ya tura ya rufe hanya. In ka kasa kunne za ka ji wani ɗan sauti, ƙas, yawanci kafin minti ɗaya ya cika. Daga nan ko makunni a buɗe yake, ko ka ɗaura sabuwar tukunya, gas ba zai fito ba sai mutum ya zo ya danna da hannunshi.

Kun gane abin da ya faru ke nan. Da abin nan yana wurinshi, da yaron ya gama gardamar canjinshi ya dawo ya tarar ba komai a ƙarƙashin injin.

Kuma gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi. Ba ya tashi sama ya bi taga kamar hayaƙi. Ƙasa yake kwanciya kamar ruwa, ya taru ƙarƙashin tebur, cikin kwata, bayan firji. In ya kai kamar kashi 2 cikin 100 na iskar wurin, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Warin nan da kuke ji ma ba nashi ba ne, zuba mashi ake yi da gangan don hanci ya gane. Amma a shagon da ake soya kaza da yaji da albasa, hancin wa zai gane? Masu bin labarai za su tuna fashewar da aka yi a wani shagon gas a Sabon Tasha, Kaduna, ranar 4 ga Janairu 2020, wadda Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa, ya rasu a cikinta. Shi ba ma sana'ar yake yi ba, kusa da wurin kawai yake.

Na ce, "To Baba, in ba a cire ba, ya za a yi da wutar da ta ƙi zama?" Ya ce, "Tambayarta za ka yi. Mutuwar da take yi magana ce." Ya ce kafin ka taɓa sifana, ka rufe gas, ka buɗe ƙofa, ka jira minti biyar cur iska ta share wurin. Sannan ka tabbatar akwai mai a tukunyar suyar har zuwa layin da aka zana, don kunna wuta a ƙarƙashin busasshiyar tukunya yana lalata ta. Sannan ka tsaya ka lura, a wane mataki take ƙi? Ba ta kamawa ne sam, ko tana kamawa ta mutu in ka saki, ko kuwa tana zama sai an fara aiki ta ɗauke? Ya ce masu gyara da yawa ba sa yin wannan tambayar, shi ya sa suke sayar maka da kayan da ba su lalace ba.

In ba ta kamawa sam, wannan shi ne mai sauƙi. Ɗaga tukunyar ka ji nauyinta. Kada ku yi dariya, Baba ya ce an sha ɗauko shi daga wata unguwa zuwa wata ya tarar gas ne ya ƙare. Duba regileta ko a buɗe take, duba tiyo ko ƙafar tebur ta danne shi. In yanzu ka canza tukunya, akwai iska a cikin tiyo, sai ta gama fita gas zai iso. Sai ka danna maɓallin ƙyastawa ka leƙa, kana ganin tartsatsi yana tsalle zuwa bakin 'yar wutar? In babu, ko maiƙo ya rufe bakin, ko farin tangaran ɗin da ke riƙe da shi ya tsage, ko waya ta zare. Gwaji mafi sauri shi ne ka kunna da doguwar laita. In ta kama, laifin na maƙyasti ne, gas ba ruwanshi.

In kuma tana kamawa amma ta mutu da ka saki, irin namu ke nan, nan Baba ya zauna a kan benci ya ce in kawo fitilar wayata.

Farko ya tambayi ƙanena, "Daƙiƙa nawa kake riƙewa?" Ya ce, "Baba, da ta kama nake saki." Ya ce a'a, sanda tana bukatar lokaci ta yi zafi, ka ƙirga 30, wani injin ma har minti ɗaya. Da sanyin safiya na hunturu ka ƙara haƙuri.

Sai ya ce mu kalli wutar kanta. Ya kunna ta yana riƙe da bakin tukunyar gas da ɗaya hannun, tunda yanzu injin ba ya da mai gadi. Lafiyayyar 'yar wuta shuɗiya ce, tsayayya, mai kaifi, kuma ta lulluɓe bakin sandar kamar santimita ɗaya. Tamu fa? Wata 'yar rawaya ce, gajera, tana rangaji kamar fitilar aci-bal-bal, da ƙyar take shafar gefen sandar. Ya ce, "Ka ga ciwon." Ya rufe gas, ya bari ta huce, ya kwance bakin, ya zaro wani ɗan tagulla mai huda a tsakiya. Hudar nan ba ta kai bakin allura ba. Ya ɗaga ta saitin haske, ya ba ni in leƙa. Rabinta a toshe. Ƙurar hunturu ce ta haɗu da tururin man gyaɗa ta zama kamar ƙaro. Ya ce wani lokacin gizo-gizo ne ke saƙa a ciki, ko zanzaro ya yi gini a ramin da iska ke shiga, musamman in an rufe shago an tafi hutu kamar lokacin yajin aikin ASUU.

Ƙanena ya zaro allura zai miƙa mashi, Baba ya buge hannunshi. Ya ce kada ka kuskura. Tagulla tana da laushi, allura za ta faɗaɗa hudar, kuma hudar a kan awo aka yi ta. In ta faɗaɗa wutar za ta yi girma, ta yi baƙin hayaƙi, ta cinye sandar a wata biyu. Ya wanke ta, ya aika yaro wajen mai faci aka hure ta da iska, ya mayar. Ya goge bakin sandar a hankali da sanfefa mai laushi don baƙin da ya taru. Ya shafa ruwan omo a duk mahaɗar da ya taɓa, ya buɗe gas, ya tsaya yana kallo ko kumfa zai kumbura. Bai kumbura ba. Ya kunna. Jama'a, wuta ta fito shuɗiya shar, har da 'yar ƙara.

Na tsaya ina kallonta. Ƙura ce. Abin da ya ja aka cire maganaɗisu, aka biya 3,000, yaro ya ƙone, ƙura ce da iskan mai faci ya fitar a daƙiƙa biyu.

Ya ce da wutar tana da kyau amma duk da haka tana mutuwa, sai ya bi sandar zuwa ɗaya bakin, inda take shiga bawul. Akwai ɗan noti a wurin. Mutane suna ɗauka mahaɗar gas ce, su sa sifana su ɗaure da ƙarfi har su murƙushe ta, wasu ma har farin tef suke naɗa mata. Alhali mahaɗar lantarki ce. Lantarkin da bai kai na batirin agogo ba, ɗan maiƙo kaɗan ya isa ya tare shi. Ka kwance, ka goge da busasshen tsumma, ka ɗaure da yatsu, ka ƙara kwata ɗin juyi da sifana, shi ke nan.

Akwai kuma wani mai gadin na biyu a injina da yawa, wanda ke lura da zafin man. Suya ana yinta ne a wajen digiri 175 zuwa 190. In mai ya wuce ƙa'ida ya doshi 230, wannan abin sai ya yanke lantarkin sandar, komai ya mutu, don kada man ya kama da wuta. In ya yanke, 'yar wuta ba za ta zauna ba sai man ya huce, a wasu injinan ma sai ka danna wani ɗan maɓalli ka mayar da shi. To in yana yawan yankewa, tambayar ita ce mi ya sa man ke wuce ƙa'ida. Ko man ya yi kaɗan, ko abin daidaita zafi ya lalace. Baba ya ce ya ga inda aka haɗa wayoyin biyu aka tsallake shi. Ya ce wannan ya fi namu muni, don wutar mai ba a kashe ta da ruwa. Ka watsa ruwa, ta tashi har rufi. Rufe gas ake yi, a kife murfi a kai.

Sai bayan duk wannan ya ɗauko mita, irin wadda masu gyaran waya da masu sola ke amfani da ita. Ya cire sandar daga bawul, ya sa mita a kan milibolt, aka kunna wuta. Lamba ta riƙa hawa har ta tsaya a 27. Ya ce sandarku lafiyarta lau. Da ta tsaya ƙasa sosai, kuma wuta mai kyau ce ke dukanta, sai a canza ta, ba ta da tsada. In kuwa wuta lafiya, sanda lafiya, noti tsaf, amma har yanzu tana mutuwa, to a nan ne kawai za a zargi maganaɗisu. Kuma ko shi ɗin, canza shi ake yi da sabo. Ba a barin gurbinshi fayau.

Mataki na uku kuwa, a Kurfi na gan shi. Da zan mayar da Baba Katsina na roƙe shi mu tsaya gidan wata yayata, 'yar kawuna, da ke soya cincin da kaza na biki da suna. Mijinta ya sawo mata wani ƙaton injin na tsaye, tokumbo daga Amurka. Tun da aka kawo shi take ƙorafi. Ta ce, "Baba, tana kamawa lafiya lau, babbar wutar ma ta tashi. Sai na zuba kwando na uku ko na huɗu, wutar ta fara ja da baya, sai komai ya mutu. In na bar shi ya huta sai ya dawo. Har an ce mani ko sammu ne, don akwai masu irin sana'ar a unguwar."

Baba ya yi murmushi, ya ce, "'Yata, ina tukunyar?" Ta nuna. 'Yar kilo 6 ce. Ya ce a kunna a yi aiki yadda aka saba. Bayan kamar minti ashirin ya ce in taɓa gindin tukunyar. Sanyi ƙarara, har da raɓa a jiki kamar an fito da ita daga firji. Ya ce gas ɗin da ke ciki ruwa ne, sai ya zama tururi yake fita, kuma don ya zama tururi zafi yake ja daga jikin tukunyar. Ƙaton injin nan yana zuƙa fiye da yadda ƙaramar tukunya za ta iya bayarwa. Sai ta yi sanyi, ƙarfin gas ya faɗi, babbar wuta ta kwashe ɗan abin da ya rage, 'yar wuta ta ƙanƙance ta bar jikin sandar, mai gadi ya rufe ƙofa. Da sanyin hunturu abin ya fi tsanani. Maganin babbar tukunya ce, ko a haɗa biyu ta hannun wanda ya san aikin. Ya ja kunnenta sosai, ya ce kada wani ya ce ta kwantar da tukunyar ko ta kusantar da ita da wuta wai don ta ɗumama.

Irin wannan babban injin, abin jin zafin nashi ya fi kauri, tamofayil ake ce mashi, sanduna da yawa ne a cikin kube ɗaya. Shi yana ba da milibolt 500 zuwa 750, don shi ke buɗe babbar wutar ma. Don haka in 'yar wuta tana ci amma babbar ta ƙi tashi, shi ake fara aunawa.

Sai ya buɗe ƙofar injin ya haska wani ɗan allo na ƙarfe da ke manne a ciki. Ya ce duk wanda zai sayi tokumbo ya fara karanta wannan. In an rubuta NAT, injin na gas ɗin bututu ne, irin wanda ake ja ma gidaje a Amurka da Turai. In an rubuta LP ko LPG, na tukunya ne irin namu. Hudojinsu ba ɗaya ba ne, ƙarfin da ake tura su da shi ma ba ɗaya ba ne. Na bututu hudarshi ta fi faɗi, in ka ɗaura mashi tukunya sai wuta ta yi tsawo, ta yi ja, ta cika wuri da baƙi da hayaƙi mai guba. Mu nan ba mu da gas na bututu. Bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar da aikinshi a 2020 ma, ba ƙofar shagon kowa a Kurfi zai biyo ba. Na yayata Allah Ya taimaka LP ne. Ya duba regileta kuma, ya ce ta ci sa'a mai ƙaramin ƙarfi ce, ta wajen miliba 30. Irin jar nan da ake murɗawa, ta murhun masu dafa shinkafar biki, in ka ɗaura ta kai tsaye a kan wannan bawul ɗin za ta lalata shi.

Yayata ta kawo mana cincin a leda. Ta ce, "To ni da har na fara zargin mutane." Baba ya ce ta je ta nemi yafiyarsu a zuci.

A hanya na tambaye shi yara nawa ya koya ma wannan aikin. Ya ce waɗanda suka tsaya har suka iya, biyu ne, kuma duk suna Abuja. Wannan ya tsaya mani a rai. A 2021 gwamnatin tarayya ta ayyana shekaru goma na gas, ana ta kiran mutane su bar itace. Mun bari, ko ince tsada da tsoro sun sa mun bari. Tukwane sun shigo, injina sun shigo, masu sayar da gas sun buɗe a kowane lungu. Amma ni a iya yawona tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi, ban samu wanda zai ɗora mita a kan sandar jin zafi ya gaya maka lafiyarta ba. Kuma mu masu kiran kanmu 'yan gwagwarmaya, duk taron koyar da sana'a da muka shirya, ɗinki ne da sabulu da man shafawa. Ni kaina na shirya irinshi sau biyu. Ba na raina ɗinki. Amma teloli nawa unguwa ɗaya za ta ɗauka?

Shi wancan mai gyaran da na kawo, na koma na same shi. Na tafi da fushi, na dawo ba fushi. Da na gaya mashi abin da ya faru, jikinshi ya yi sanyi, ya ce wallahi shi ma haka ya ga maigidanshi yana yi, ba wanda ya taɓa gaya mashi aikin abin. Ya buɗe wani gwangwanin madara ya nuna mani. Guda bakwai na ƙirga a ciki, har da namu. Na ce ya tuna shagunan? Ya ce ya tuna biyar. Mun zaga huɗu tare, mun gaya masu su daina kunnawa sai an mayar. Ɗaya ya ji, biyu sun ce sai bayan sun ga an kawo kayan, ɗaya kuwa cewa ya yi mu bar mashi shago, injinshi bai taɓa aiki da kyau kamar yanzu ba.

Don haka in kana da irin wannan injin, ko kana aiki a shagon da ke da shi, ga gwajin da Baba ya ce kowa zai iya yi. Ƙofa a buɗe, babbar wuta a kashe, 'yar wuta kawai ke ci. Rufe gas daga tukunya, wutar ta mutu. Kasa kunne kusa da bawul. In ka ji ƙas ɗin nan cikin minti ɗaya ko ɗaya da rabi, mai gadinka yana nan. In kuma injinka yana kamawa ba tare da ka danna ka riƙe ba, to wani ya riga ya taɓa shi, kada ka sake kunnawa.

Baba ya yarda zai riƙa zuwa Dutsin-Ma ranar Asabar, in mun ɗauki nauyin motarshi da abincinshi. Mutum huɗu suka ba da suna zuwa yanzu, har da mai gyaran nan, shi ya fara. Yayata ta ce ita ma a sa ta, ta gaji da jiran maza. Yaron da ya ƙone ya ce in hannu ya warke zai zo, mahaifiyarshi dai ba ta amsa ba tukuna, kuma ban ga laifinta ba. Mita ɗaya muke da ita, aro ce daga wani mai sola, don haka wanda ke da wadda ba ya amfani da ita ya taimaka.

Injin ƙanena yana nan a rufe da buhu. Tsohon maganaɗisun ya lanƙwashe wajen cirewa, mun aika Kano a nemo irinshi, yau kwana tara ba a samu daidai ba. A kasko yake suya yanzu, ya ce cinikin ya ragu don dankalin ba ya yin ƙaras-ƙaras yadda ɗalibai ke so.

A sa yaron nan a addu'a, ranar Litinin za a sake buɗe hannun. Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.